Filin Magina da Masu Fenti: Zane a Ɗanyen Shafe da Busasshe

Wasiƙun wannan fitowa yawancinsu a kan bango da launi suke. Mun zaɓi shida, mun rage tsawon wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai koyon zane. Malaminmu ya nuna mana hotunan rufin wani ɗakin ibada a Fadar Paparoma da ke Rum, ya ce tun shafen yana ɗanye aka zana su, shi ya sa suka haura shekara 500. Amma duk mai fentin da na sani cewa yake kada a kuskura a sa fenti a bangon da bai bushe ba. Wa ke da gaskiya?
Ɗalibi, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Dukansu suna da gaskiya, sai dai ba a kan bango iri ɗaya suke magana ba. Mai fentin unguwarku filastar siminti yake nufi. Malaminku kuwa shafen laim yake nufi, kuma salon da ya ba ku labari shi Italiyawa ke kira fresko.

Laim daga dutse ake samunsa, irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gwambe da Malbaza ta Nijar don yin siminti. In aka gasa shi a zafin da ya kai digiri 900, iskar kabon da ke cikinsa sai ta fice. A zuba gasasshen a ruwa, ya tafasa da kansa, ya koma farin kwaɓi. In aka haɗa kwaɓin da yashi aka shafe bango, sai ya shiga zuƙo iskar nan daga sarari, a hankali ya sake komawa dutse. Duk launin da aka sa kafin wannan ya faru, dutsen zai ƙulla a kansa ya riƙe shi. Saboda haka mai fresko ba ya sa gam ko mai a launinsa. Garin launi ne da ruwa kawai, bangon ne ke yin aikin gam.

Wahalar tana wajen lokaci. Shafen ƙarshe awa shida zuwa takwas yake karɓar launi a yanayin Italiya, daga nan sai fuskarsa ta rufe. Don haka ba a shafe bango gaba ɗaya. Kowace safiya magini zai shafe iya inda mai zane zai gama a yinin, da yamma a yanke ragowar da wuƙa a kankare. Wannan yanki na yini guda shi ake kira jornata. Rufin da aka nuna muku, wanda Mikelanjelo ya zana daga 1508 zuwa 1512, tsawonsa kusan mita 40 ne, faɗinsa 13, kuma masu gyara sun ƙirga irin waɗannan yankuna fiye da 500 a jikinsa. Wanda ya hau kusa zai ga gaɓar da aikin jiya ya haɗu da na yau.

Kuskure ba ya gyaruwa da ƙarin launi. In ya faru, sai a fasa wurin a sake shafe. Shi ya sa ake gama tsara zanen a takarda daidai girman bango, a huhhuda layukan da allura, a ɗora takardar a ɗanyen shafe, a bubbuga ƙullin garin gawayi a kai. In aka cire takardar, ɗige-ɗigen sun fitar da hanya. Masu zanen da suka gabaci Mikelanjelo kuma da jar ƙasa suke zana fasalin a shafen da ke ƙasa, suna rufe shi yanki-yanki.

Salon ya girmi Mikelanjelo nesa ba kusa ba. Bangayen gidajen Pompei, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya, har yau jansu yana nan.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe, ina so in gwada irin wannan aiki a zauren gidana, da zanen dagi da layuka, ba hoton mai rai ba. Farar ƙasar da ake sayarwa a kasuwa za ta yi? Kuma yaya haɗin yake?
Magidanci, daga Katsina

AMSA: Tare da naka, Malam. Dagi da layuka ma sun fi dacewa da mai farawa, domin kowane layi wuri ne na tsayar da aikin yini ba tare da gaɓar ta fito ba.

Farar ƙasar da ake haƙowa a sayar dunƙule-dunƙule yawanci yumɓu ne fari ko alli, ba a gasa ta ba, don haka ba ta ƙullawa. Gwajin mai sauƙi ne: kwaɓa kaɗan ka shafa a kan tubali, ka bar shi mako guda, ka zuba masa ruwa ka goga da yatsa. In ya narke, bai yi ba. Abin da kake nema shi ne garin laim na buhu, irin wanda ake tace ruwan famfo da shi, kuma ya zama sabo, don wanda ya daɗe a buɗe ya riga ya sha iska ya mutu. Ragowar kabayid da masu walda ke zubarwa ma laim ne, amma yana da datti da wari, launinsa kuma toka-toka. In za ka yi amfani da shi, ka tace, ka bar shi a shafen ƙasa.

Zuba garin cikin ruwa a durom, kana motsawa har ya yi kaurin kindirmo. Ka bar ruwa ya rufe samansa da kamar yatsa uku, ka rufe durom ɗin. Mako biyu shi ne mafi ƙaranci, wata uku ya fi, kuma daɗewa ba ta ɓata shi muddin ruwa na kansa. Tsoffin dokokin gini na Rumawa sai da suka ce laim ya shekara uku kafin a taɓa shi. Ka sa safar roba da tabarau, laim na cin fata, in ya shiga ido kuwa a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti.

Yashin ya zama na rafi mai kaifi, wankakke, busasshe. Zuba kaɗan a kwalba da ruwa ka girgiza. In laka ta kwanta a samansa da kauri, sake wanke shi.

Bangon da ya fi dacewa shi ne na jan bulo gasasshe ko dutse. Kada ka yi a kan fi-o-fi, wato farin garin nan da ake adon silin da shi, kuma sabon bulon siminti yana fitar da gishirin da zai ɓullo ta cikin zanen daga baya. In bulon siminti kake da shi, ya zama tsoho, busasshe, wanda ba ya tsotsar ruwa daga ƙasa. Kankare tsohon fenti da filasta har ka ga ainihin bango, ka jiƙa shi sosai tun daren jiya, da safe ka sake yayyafa masa.

Shafen farko: awo ɗaya na kwaɓaɓɓen laim, awo uku na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kauri kamar santimita ɗaya. A jefa shi da ƙarfi da cokali, a bar fuskarsa da kaushi, a kakkarce ta don na gaba ya kama. Bar shi mako guda, kana yayyafa ruwa safe da yamma. Shafe na biyu: laim ɗaya, yashi biyu, kauri bai kai na farko ba, shi ma da ɗan kaushi. Shafen ƙarshe, wanda za a zana a kai: laim ɗaya, lallausan yashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wanda aka tankaɗe da ragar taga, kauri milimita uku zuwa biyar. Murabba'in mita ɗaya na cin kwaɓi kamar lita goma a shafen farko, lita uku zuwa biyar a na ƙarshe. Kada ka ƙara ruwa don kwaɓin ya yi laushi. Ka daɗa buga shi, zai saki da kansa. Ruwa mai yawa shi ke kawo tsattsagewa.

Bayan ka lailaye shafen ƙarshe, jira kamar rabin awa. Taɓa shi da jiƙaƙƙen buroshi: in ya shanye ruwan nan take kuma gashin buroshin bai kwarzane shi ba, lokaci ya yi. Sa launin tsinkakke, sau biyu ko uku a wuri ɗaya, kana barin kowanne ya shige. Da ka ga launi ya fara tsayawa a sama bai shiga ba, ajiye buroshi. Duk abin da ka ƙara bayan nan zai goge da hannu in ya bushe. Yanke ragowar shafen a karkace, gobe ka jiƙa bakin ka ɗora daga nan. Fara daga sama ka sauko, don ɗigo kada ya ɓata abin da aka gama.

Awa shidan nan ta Italiya kada ka dogara da ita a Katsina. Iskar hunturu da zafin bazara suna busar da shafe kafin ya ƙulla, sai ya zama gari. Damina ce lokacin wannan aiki, ko kuma ka rufe ƙofar zauren, ka rataya jiƙaƙƙen buhu, ka fara da asuba, yankin yini kuma kada ya wuce rabin murabba'in mita har hannunka ya faɗa.

Launuka: jar ƙasa, rawayar ƙasa, ƙasa-ƙasa, baƙin gawayi da aka niƙa lilis, da garin launin da ake haɗawa da siminti, duk suna jure laim. Fari kuwa laim ɗin kansa ne. Rinin tufafi da yawancin launukan roba laim na cinye su. Komai zai yi haske sosai in ya bushe, don haka gwada a kan ƙaramin allo tukuna ka ba shi mako guda.

TAMBAYA: Na karanta cewa shahararren zanen bango na mai zanen nan ɗan Italiya, Liyonado da Binci, ya fara lalacewa tun yana raye. In fresko na daɗewa haka, me ya same shi?
Malamar makaranta, daga Maraɗi

AMSA: Malama, ai shi bai yi fresko ba. Zanen da Kiristoci ke kira Jibin Ƙarshe, wanda ya yi a ɗakin cin abinci na wani gidan ibada a Milan wajen 1495 zuwa 1498, a busasshen bango ya yi shi. Mutum ne mai son ya zana yau, ya dawo bayan kwanaki ya gyara, abin da ɗanyen shafe ba ya yarda da shi. Sai ya shimfiɗa farin share fage a bangon, ya hau kai da launin da aka kwaɓa da ƙwai da mai. Bangon kuma mai danshi ne. Launin da ke zaune a sama ba shi da abin riƙewa in danshi ya turo daga baya, sai ya fara ɓamɓarewa. Gyaran ƙarshe da aka yi masa ya ɗauki shekara 21, aka gama a 1999.

Wannan ba ya nufin zane a busasshe, wanda ake kira sekko, aikin banza ne. Zanen kaburburan Misira ta dā a busasshe aka yi su, suna nan shekaru dubbai, saboda hamada ba ta da laima. Masu fresko su ma da shi suke ƙarasa aiki, musamman shuɗi, domin wani shuɗin dutse da suke amfani da shi ba ya zama lafiya a ɗanyen laim. Shi ya sa a ayyukan wani mai zane Joto na wajen 1305 a garin Padua na Italiya za ki ga wuraren da shuɗin tufafi ya zube, fuskoki da hannaye kuwa suna nan daram.

In za a yi sekko, gam ɗin da ake sa wa launi iri uku ne masu sauƙin samu a wajenmu. Ƙaro: awo ɗaya a ruwa awo biyu, ya kwana, a tace. Yana da kyau amma ruwa na narkar da shi har abada, don haka cikin ɗaki kawai. Gwaiduwar ƙwai: a raba ta da farin, a haɗa da ruwa daidai yawanta, sannan a haɗa da kwaɓaɓɓen launi daidai wa daida, kuma a yi iya na yini don tana ruɓewa. Mafi ƙarfi shi ne na nono: a samu nonon da aka cire wa mai, a tace shi a ƙyalle har ruwan ya tsane, a haɗa awo biyar na dunƙulen da awo ɗaya na kwaɓaɓɓen laim. Cikin 'yan mintuna zai zama gam mai yauƙi, a tsinka shi da ruwa. In ya bushe ruwa ba ya narkar da shi. Gam in ya yi yawa launi ya dare ya nannaɗe, in ya yi kaɗan ya goge a hannu, don haka gwaji a gefe wajibi ne.

TAMBAYA: Allah ya gafarta malam, na yi filasta, bayan kwana goma na sa fenti saboda biki ya matso. Yanzu wata uku, fentin mai na ƙasa ya yi laushi yana danƙo, na sama ya kumbura, ga wani farin gari na fitowa. Mai fentin ya ce fentin ne jabu.
Ango, daga Kano

AMSA: Allah ya sanya alheri, Ango. Zai yiwu fentin ba shi da kyau, amma ko mafi tsada ka saya haka zai yi. Sauri ne ya haifi nawa. Sabuwar filastar siminti cike take da ruwa, kuma tana da kaifi irin na ruwan toka. In wannan kaifi ya haɗu da man da ke cikin fenti, sabulu yake mayar da shi, kamar dai yadda ake yin sabulun salo. Danƙon da kake ji ke nan. Kumburin kuwa ruwa ne ke neman hanyar fita fentin ya tare shi. Farin garin gishiri ne da ruwan ya kwaso daga siminti da yashi ya ajiye a fuska.

Ƙa'idar ita ce a yi wa filasta ban-ruwa kwana bakwai, sannan a bar ta ta bushe har ta cika aƙalla kwana 28. Da damina, ko a ɗakin da iska ba ta ratsawa, a ƙara. Kafin a sa fenti a yanko leda mai faɗin kamu biyu, a manne ta a bango da salatif ta kowane gefe, a bar ta ta kwana. In da safe akwai raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bangon bai shirya ba.

Gyara: kankare duk inda ya kumbura ko ya yi laushi har filasta. Goge gishirin da busasshen buroshi mai tauri, kada ka wanke da ruwa, don ruwan zai narkar da shi ya mayar ciki, ya sake fitowa. Bar bangon tsirara makonni, kana gogewa, har gishirin ya daina dawowa. Sai a sa share fage mai jure kaifin siminti, wanda akan rubuta a jikin gwangwaninsa cewa na sabuwar filasta ne. In fentin ruwa za ka sa kai tsaye, shafin farko a tsinka shi da ruwa kamar kashi ɗaya cikin biyar don ya shige, sannan shafi biyu cikakku, da tazarar awa huɗu ko abin da gwangwanin ya ce. Lita ɗaya na rufe kusan murabba'in mita goma a bango mai santsi, a mai kaushi kuwa ƙasa da haka.

Abu ɗaya ka duba: in ɓarnar ta tsaya daga ƙasa zuwa kamar ƙugu, a layi ɗaya, kuma tana ƙaruwa da damina, to ba sabuntar filasta ba ce kaɗai, ruwa ne ke hawowa daga tushen gini. Wannan fenti ba ya maganinsa. Sai an duba magudanar ruwa da bututu da dakalin da ke jingine da bangon.

TAMBAYA: Gidanmu na gado na ƙasa ne, da zane a fuskar zaure. Zanen ya fara zaizayewa. 'Yan'uwa sun ce a yi masa filastar siminti a sake zanawa da fentin mai. Me kuka gani?
Mai karatu, daga Damagaram

AMSA: Ba mu goyi baya ba. Siminti da ƙasa ba sa tafiya tare: ƙasa na kumbura da laima ta tsuke da rani, siminti kuwa a sandare yake. Bayan 'yan damuna sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta ruɓe a ɓoye. Ranar da filastar za ta faɗo, da naman bangon za ta taho. Ƙwanƙwasa bangon ƙasar da aka yi wa haka a unguwarku, za ka ji wurare da yawa suna amsawa kamar babu komai a ciki.

Zanen maginanmu ma aikin ɗanyen yaɓe ne. Irin na Birnin Zariya da Kano da unguwar Birni ta garinku, da hannu ake tayar da shi tun ƙasar tana da laushi, ko a tsaga shi da wuƙa ko bakin cokali kafin ta bushe. Launi kuma sai bayan ta bushe, domin ƙasa ba ta riƙe launi yadda laim ke yi. Gyaran da ya dace shi ne a nemo magini na gargajiya, a jiƙa wurin, a cike da ƙasa irin ta asali da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana biyu tana tsima, a bi tsohon layin. Sannan a rufe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, haɗin katsin marina da gashin akuya daga majema da yauƙin dafara. Su biyun suna kore ruwan sama amma suna barin bango ya yi numfashi. Makuba na son sabuntawa bayan 'yan shekaru, wannan kuwa ba aibu ba ne, haka tsarinta yake. Ka ɗauki hoton zanen daga kusa kafin a taɓa shi, ka kuma duba indararo, don yawancin zaizayar fuskar zaure daga can take farawa.

TAMBAYA: Ina shafa laim a katanga duk shekara, amma yana gogewa a jikin tufafi. Ina matsalar?
Hajiya, daga Gusau

AMSA: Hajiya, ko dai an yi shi da kauri, ko an shafa a busasshiyar katanga cikin rana, sai ya bushe bai ƙulla ba. A tsinka shi sosai, awo ɗaya na kwaɓaɓɓen laim a ruwa awo biyu zuwa uku, a tace. A yayyafa wa katangar ruwa tukuna, a shafa da yamma ko ta gefen inuwa. Shafin farko zai yi kamar ba a sa komai ba, kada wannan ya sa a ƙara kauri, farin sai ya bushe yake fitowa. A yi shafi uku ko huɗu, kwana ɗaya tsakanin kowanne. In za a sa launi, garin kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin laim ɗin, kuma a jiƙa shi daban a ruwan ɗumi kafin a zuba. A kan tsohon fentin mai kuwa laim ba ya kamawa ko kaɗan, sai an kankare shi.